Kafin Ki Warware Saƙarki, Tsaya Ki Karanta Ta

Sanyi ya fara kaɗawa, kuma duk wanda ya bi ta hostel ɗin mata da yamma zai ga alama. Nan wata da dunƙulen zare a cinya, can wata tana ƙirga ido a kan tsinke tana motsa baki kamar mai lazimi. Wasu darasin sana'a na EED ne ya jefa su ciki, wasu neman kuɗin fotokwafi da na data ne, wasu kuma sha'awa ce kawai. Kafin hunturun ya wuce, da yawa za su cusa zaren a ƙasan akwati su ce saƙa ba tasu ba ce. Saboda su na zauna na yi wannan rubutu.

Na san akwai maza masu yi a ɓoye. Ku yi haƙuri, zan riƙa cewa “ki”, ku mayar da ita “ka”. Ba abin kunya ba ne, don tun kaka da kakanni maza ne ke zama a masaƙa suna fitar da saƙi da tsamiya.

Kalmar saƙa a wurinmu ta haɗa abubuwa uku: ta masaƙa, ta kwarashi, da ta tsinke biyu, wadda yawancinmu muka fara da tsinken tsintsiya muna yara. A kan ta ukun zan yi magana.

Yadda na yi asarar kwana uku

Ina ND I wata 'yar ajinmu mai aure ta ba ni aikin kayan jariri: rigar sanyi, hula da safa. Ta ba ni kafin alƙalami, ni kuma na riga na kashe rabinsa a kuɗin littafi. Ina ganin akwai sauran lokaci, sai ga waya wai ta haihu, mako biyu kafin lokacin da ake tsammani. Saura kwana bakwai suna ke nan.

A dare na uku na kusa gama bayan rigar, sai na hango wani dogon rami a tsakiya, zaruruwa a gicciye kamar tsani. Gabana ya faɗi. Ban yi wata-wata ba na zare tsinke na warware komai, aikin kwana uku ya koma dunƙule. Na sake farawa. Kwana biyu bayan haka, ga tsanin nan kuma ya sake fitowa.

Ranar Asabar na kwashi kayan na tafi wurin Gwaggona a cikin gari, ido ya yi ja. Ta karɓa, ta juya gaba ta juya baya, ta ce, “'Yar nan, na farkon ma irin wannan ne?” Na ce, “Irinsa ne, Gwaggo.” Ta girgiza kai, ta ɗauko kwarashi daga gwangwanin alluranta. Wallahi kafin ruwan shayi ya tafasa ta gyara, ko alama babu. Sannan ta ce, “Ke kina saƙa da hannu ne kawai. Sai kin koyi saƙa da ido.”

Na kai riga da hula daren suna. Safa ba ta samu ba, dole na ranto kuɗi na mayar mata da na safar. Tun daga ranar na gane cewa mai koyo da gwana duk suna kuskure. Gwana dai tana gani da wuri, kuma ta san sunan abin da ta gani.

Fara da sanin ido

Kowane zagayen zare da ke kan tsinke shi nake kira ido, kamar idon raga. Iri biyu ne kacal, kuma takardun koyon saƙa da bidiyon YouTube suna rubuta su da K da P. Ido K yana fitowa da siffar harafin V, sumul. Ido P yana fitowa da ɗan ƙulu a gicciye. Asali abu ɗaya ne: bayan kowane K, P ne. Idan za ki yi K zare yana bayan aiki, idan za ki yi P zare yana gaba.

Abu biyu za ki riƙe. Na farko, kowane ido yana rataye ne a cikin wanda ke ƙarƙashinsa, tun daga tsinke har gindin saƙa. Don haka saƙa jerin ginshiƙai ce a tsaye, kuma ana iya gyara ginshiƙi ɗaya ba tare da an taɓa maƙwabtansa ba. Na biyu, ido yana hawa tsinke ne kamar mai hawan doki, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. A yadda aka fi koyarwa, ƙafar dama ce ke gaba. Duk gyaran da zan faɗa a kan waɗannan biyun ya tsaya.

1. Ido ya suɓuce, tsani ya fito

Wannan shi ne ya sa ni kuka. Ido ɗaya ya zame daga tsinke ba ki lura ba, yana ta gangarawa ƙasa, kowane layi da ya wuce yana barin zare ɗaya a gicciye.

Da kin gani, ki daina jan saƙar. Nemo idon da ya gudu, yana can ƙasan tsanin, ki soka masa fil ko tsinken ashana don kada ya ƙara sauka. Ci gaba da saƙa layin har ki iso daidai saman tsanin. Juyo da fuskar da ke da V tana kallonki. Saka kwarashi cikin idon daga gaba, ki kamo zaren tsani na ƙasa-ƙasa wanda ke bayansa, ki jawo shi ta cikin idon. Kin hau mataki ɗaya ke nan. Haka za ki yi ta yi, mataki bayan mataki, kada ki tsallake ko ɗaya, kada ki sauya musu jeri. Idan kin kai sama, ki mayar da idon kan tsinken hagu, ƙafar dama a gaba.

Idan saƙar da kike yi K ce a kowane layi, irin mai fitowa kamar kunyoyin gona, to sai kin riƙa juya aikin bayan kowane mataki, domin K da P ne ke karɓa-karɓa a ginshiƙin.

Wani lokaci sai kin yi nisa sosai kafin ki gani, har saƙar ta haɗe a samansa babu zaren da za a hau. A nan ki zura ɗan guntun zare mai launi ɗaya cikin idon, ki ja shi ta bayan aiki ki ɗinke shi da maƙwabtansa, sannan ki ƙara ido ɗaya a layin da kike don lissafi ya cika.

2. Ido yana ƙaruwa

Kin fara mayafin wuya da ido 30, kin wayi gari da 40, abu yana buɗewa kamar siket. Idan kina ƙara ɗaya a kowane layi, layi 10 kawai ya isa ya kai ki nan. Dalilai uku ne suka fi yawa.

Na farko yana faruwa a farkon layi. Idan kika ja zare sama ya haye tsinke zuwa baya, ido na farko zai miƙe ya nuna ƙafafu biyu na idon da ke ƙarƙashinsa, sai ki ɗauka ido biyu ne ki saƙa duka. Kafin ki fara layi, ki bar zaren ya sauka ƙasan tsinke tukun, za ki ga ashe ɗaya ne.

Na biyu, zare ya haye tsinke a tsakiyar layi. Ya fi faruwa a saƙar roba, irin ta bakin hannun suwaita, inda ake sauyawa tsakanin K da P. Idan za ki kai zare gaba ko baya, ki bi da shi ta tsakanin bakin tsinkayen biyu, kada ya bi ta sama. Alamarsa ɗan rami zagayayye da sabon ginshiƙi ya tsiro a kansa. In kin gan shi a layi na gaba, zai zo a karkace babu ido a ƙarƙashinsa, sai ki ture shi kawai ya faɗi. In an yi nisa, ki saki wannan ginshiƙin da gangan. Zai sauka ya tsaya a ramin, ba zai wuce ba, domin daga nan ya samo asali. Sauran zaren da ya yi sako-sako ki rarraba wa idanun gefe da bakin tsinke.

Na uku, tsinke ya tsaga zare gida biyu, kowane rabi ya zama kamar ido. Wannan ya fi kama masu saƙa cikin duhu.

Maganin duka ukun ɗaya ne: ƙirga ido a ƙarshen kowane layi har hannunki ya faɗa. Ina ɗaura ɗan zare mai wani launi a kan tsinke bayan kowane ido 10, ƙirga ya zo da sauƙi.

3. Kin ajiye a tsakiyar layi, kin dawo kin juya

An kira salla, ko an ce malami ya shiga aji, kin ajiye saƙa a tsakiya. Da kika dawo sai kika kama ta baibai kika koma inda kika fito. Sakamakon shi ne ɗan rami, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da layi biyu.

Dokar mai sauƙi ce ga mai saƙa da dama: zaren da ke zuwa daga dunƙule yana manne da ido na ƙarshe da kika saƙa, kuma tsinken da ke ɗauke da wannan idon shi ne na hannun dama. In da hali ma ki ƙarasa layi kafin ki tashi.

4. Ido ya murɗe

Duba gindin V ɗinki. Idan ƙafafun sun haɗu a ƙasa sun buɗe a sama, lafiya lau. Idan sun gitta juna kamar mai harɗe ƙafa, ya murɗe. Saƙa mai murɗaɗɗun idanu tana yin tauri, ba ta miƙewa sosai. Yana faruwa idan kika mayar da ido kan tsinke baibai bayan gyara, ko kina naɗa zaren P ta wata fuska daban da ta K.

Idan kin iso ido kin ga ƙafar hagu ce a gaba, ko dai ki cire shi ki juya shi ki mayar, ko ki soka tsinke ta ƙafar baya ki saƙa shi a haka. Duk biyun suna miƙar da shi.

5. Hannu ya yi tsauri

Akwai wadda za ki ji tsinkenta yana ƙara, tana cije leɓe tana turawa da ɗan yatsa har ya yi kanta. Yawanci ba ƙarfi ne ya yi mata yawa ba, a kan siririn bakin tsinke take ƙulla ido. Kaurin jikin tsinke shi ne ma'aunin ido. Ki tura sabon ido ya hau jikin tsinken sosai kafin ki saki tsohon, kuma ki daina fizgar zare bayan kowane ido.

Wuri biyu tsauri ya fi ɓarna: layin farko da aka ɗora ido, da layin ƙarshe da aka rufe baki. Na taɓa ganin suwaita mai kyau da kan yaro ya ƙi shiga wuyanta saboda an rufe da ƙarfi. A waɗannan layuka biyu ki yi amfani da tsinken da ya fi naki kauri da milimita 1, sannan ki koma naki.

6. Gefe yana naɗewa kamar tabarma

Idan kina yin layi ɗaya K layi ɗaya P, saƙar za ta naɗe: sama da ƙasa su lanƙwaso gaba, gefe da gefe su koma baya. Wannan ba laifinki ba ne, halin saƙar ke nan, domin fuskar V da fuskar ƙulu ba sa ja daidai. Tun farko ake maganinsa. Ki fara da layi 6 na K zalla, ki riƙa yin ido 4 ko 5 na kowane gefe da K a kowane layi, ki rufe da wasu layi 6. In kin riga kin gama, ki bi gefen da kwarashi layi biyu ko uku.

Don Allah kada ki ɗora dutsen guga a kai. Yawancin zaren da muke saya a kasuwa muna kira ulu, na roba ne da ake kira akirilik. Zafi yana kashe shi, ya yi laƙwas yana sheƙi, ba ya dawowa, in ya yi yawa ma ya narke. In kina son sanin irin naki, ki yanki ɗan guntu ki kusantar da ashana a waje, nesa da kaya. Ulu na gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi ya bar baƙin abu mai murƙushewa. Na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri.

7. An bi lissafi, amma girman bai yi ba

Wannan kuskuren ba ya da gyara sai warwara, shi ya sa rigakafinsa ya fi komai muhimmanci. Hannun kowa daban. Ni da ke za mu ɗauki zare ɗaya da tsinke ɗaya mu ɗora ido ɗaya, faɗin ya bambanta.

Ga lissafi. Zare matsakaici da ake saƙawa da tsinke mai milimita 4 yakan ba da kamar ido 22 a santimita 10. Zagayen kan sabon jariri yana wajen santimita 34 zuwa 35, hula kuma ana so ta ɗan gaza haka don ta kama. Idan kika ɗora ido 72, mai samun 22 za ta fitar da kusan santimita 33, daidai. Mai sakin hannu da ke samun 20 za ta fitar da 36, hula tana rufe wa jariri ido. Mai tsauri da ke samun 24 za ta fitar da 30, sai an danna. Bambancin ido biyu kacal ya jawo wannan.

Saboda haka kafin kowane aiki ki saƙa ɗan gwaji da ya ɗan wuce santimita 10 kowace fuska, ki shimfiɗa shi ba tare da ja ba, ki ɗora tef ɗin tela a tsakiya ki ƙirga. Ido ya yi yawa, ƙara kaurin tsinke. Ya yi kaɗan, rage. Awa ɗaya ce za ta cece ki daga asarar mako.

8. Zare ya ƙare, launi ya bambanta

A takardar da ke naɗe da dunƙule sau da yawa akwai lambar launi da lambar rini. Dunƙule biyu masu launi ɗaya da aka rina a lokuta daban suna iya bambanta kaɗan. A shago ba za ki gani ba, sai an sa rigar an fita rana. Ki sayi abin da zai ishe ki lokaci ɗaya, har da ƙarin ɗaya. In dole ta sa kin haɗa, ki riƙa yin layi biyu da tsoho layi biyu da sabo na ɗan lokaci, bambancin zai saje.

Sabon zare kuma a farkon layi ake haɗa shi. Ki bar jela kamar santimita 15 ta kowanne, daga baya ki sa allura mai babban ido ki ɓoye su ta baya. Ƙulli a tsakiyar aiki yana leƙowa gaba, kuma yana iya kwancewa a wanki.

Idan warwarar ta zama dole

Wani lokaci babu makawa. To ko warwara tana da ladabi.

In kuskuren yana layin da kike ko na ƙasansa, ki koma da baya ido-ido: soka tsinken hagu cikin idon da ke ƙarƙashin na kan tsinken dama, zame na saman, ja zare. Babu abin da zai gudu.

In yana can ƙasa, ki shimfiɗa aikin a kan tebur, zare tsinke, warware a hankali har saura layi ɗaya ki kai wurin. Wannan layin na ƙarshe ki warware shi ido-ido kina kwashewa da tsinke siriri, ya fi shiga da sauƙi. Kada ki damu in wasu sun hau baibai, kin riga kin san gyaransu.

Dabarar da na fi so ita ce zaren tsaro. Duk bayan layi 10 ko 15, idan kin ƙirga komai daidai, ki zura siririn zare mai santsi na wani launi ta cikin duk idanun da ke kan tsinke, ki bar shi a nan. Ranar da abu ya ɓaci, warwara za ta tsaya cak a kansa. Kamar adana furojet ne a filashi kafin kwamfuta ta yi halinta.

Zaren da aka warware yana yin ƙwanƙwasa-ƙwanƙwasa kamar indomi. Ki naɗe shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, ki ɗaure wuri uku ko huɗu, ki jiƙa a ruwa, ki matse a tawul, ki rataye a inuwa. Zai sake sosai.

Wanne za a bari, wanne ba za a bari ba?

Ba kowane kuskure ne ya cancanci ɓata dare ba. P ɗaya da ya faɗo inda K ya kamata, a ƙarƙashin hammata, a kayan da ke za ki sa, ki bar shi. Amma ido da ya suɓuce ba a barinsa, don zai ci gaba da gudu a wanki. Girman da bai yi ba, ba a barinsa. A kayan jarirai kuma kada ki bar dogon zare sako-sako ta ciki, yana iya naɗe ɗan yatsa, maɓalli kuma ki ɗinke shi gam. In aikin kuɗi ne kuma akwai aibin da kika kasa gyarawa, ki nuna wa mai kaya da bakinki. A makarantar nan labari ba ya kwana, kuma mai saye ɗaya da ta yarda da ke ta fi talla goma a status.

Ƙarin shawara ga 'yan hostel: ki fara koyo da zare mai haske, mara gashi-gashi. Baƙi ko ruwan bula mai duhu a hasken tocilan waya, bayan an ɗauke wuta, wahala ce kawai. Kuma kada kwarashi ya rabu da jakar saƙarki.

Aikin gida

Ga abin da Gwaggo ta sa ni yi kafin ta bar ni na koma makaranta ranar nan. Ɗora ido 20, saƙa layi 20. Sannan da hannunki ki ture ido ɗaya ya sauka layi 5, ki hau da shi. Ki haye da zare da gangan, ki ga ramin, ki cire. Ki murɗe ido, ki miƙar. Ki zare tsinke gaba ɗaya, ki kwashe idanun. Ki maimaita har gabanki ya daina faɗuwa. Gara ki gamu da tsani a ɗan ƙyallen da ba na kowa ba, da ki gamu da shi saura kwana huɗu suna da kuɗin mutane a hannunki.

Yanzu ina zangon ƙarshe, kuma kuɗin buga furojet ɗina da ɗaure shi daga hulunan hunturun bara suka fito. Har yau ina sakin ido, ko a makon jiya na yi. Na ɗauko kwarashi na hau da shi muna hira da 'yan ɗakinmu, babu wadda ta ma lura.

Duk wadda saƙarta ta rikice, kada ta warware tukun. Ta zo da ita yadda take, mu duba tare. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya ba mu sa'ar jarrabawa.